Harasim da Mayyar Majigi

Idan ka shigo ƙauyenmu kana neman gidan Harasim, kada ka wahalar da kanka da tambaya. Tsaya kawai ka kasa kunne, inda ka ji murya ɗaya tana ta zuba ba mai amsa mata, nan ne. Gidajenmu uku a jere suke: nawa, ni Likera, sai na Ustina bazawara a tsakiya, sai nasa daga can, wanda shingensa ya gaji da tsayuwa ya kwanta tun zamanin yaƙi.

Harasim ya ba hamsin baya bai taɓa aure ba, kuma ba don rashin ƙoƙari ba ne. A wajenmu in namiji ya je neman aure mace ta amince, tawul mai surfani take ɗaurawa a kafaɗar wakilinsa. In ba ta so, ba ta ɓata bakinta, kabewa take ɗaukowa ta miƙa, mutum ya rungumi abarsa ya ratsa gari kowa na kallo. Harasim kabewa uku ya karɓa. Ta farko ya ce saye ya yi, ta biyu ya ce tsintuwa ce, ta uku kuwa wai yarinyar ce son sa ya ruɗa ta, ta miƙa hannu za ta ɗauko tawul ta ɗauko kabewa.

Bara da rani 'yan fim suka zo daga birni da manyan motoci da fitilu, wai za su ɗauki fim ɗin mayya a tsohuwar majami'armu ta katako, wadda gwamnati ta mayar rumbun hatsi. Suka ɗebi wasu daga cikin mutanenmu su tsaya a bayan hoto. Kowa ya yi nasa ya koma gona ya manta. Harasim kaɗai ne bai dawo daidai ba.

"Ni ne ƙashin bayan fim ɗin nan," haka yake cewa a ƙofar kanti. "Babban nasu da kansa ya dafa kafaɗata ya ce, Harasim, in ba kai ba wa zai iya? Rufin da samarin birni suka kalla suka ja da baya, ni na haye shi. Ni da mayyar nan kamar ni da rigar jikina ne. Na san ta ciki da bai."

Ba wanda ya iya ƙaryata shi, don ranar da aka ɗauki nasa duk muna gandun gwamnati muna yankan alkama. Da bazara ta zo ya sayar da saniyarsa ya sayi baƙar rigar fata irin ta 'yan fim, ya bar ɗan maraƙinta a bayan gida yana kuka. Rigar nan ko a tsakar rana ba ya tuɓe ta. Yana tafe yana naso, yana tattaro wandonsa da gwiwoyin hannu kamar yadda ya saba tun yana yaro, don Allah bai ba shi ƙugun da zai riƙe wando ba.

Ni da Ustina a lokacin ba ma ga-maciji. Jan siket ɗinta na zuwa biki, mai koren faci a baya, shi ne ya ɓace a kan shinge bara, ta ce wai ni ce kusa da shingen. Na ce mata siket ɗin da zan shiga ni da kajina duka mu bar wuri, me zan yi da shi? Tun daga ranar ko gishiri ba ma arar wa juna, amma shinge ba ya hana jin magana, shi ya sa ba abin da ya wuce ni.

Ana nan sai Zirka, saniyar Ustina, ta daina ba da nono da rana. Ƙafarta ta yi ciwo, ba ta bin garke, tana ɗaure a bayan gida. Da safe ta cika bokiti, da Ustina ta dawo daga gandu tatsar rana sai ta tarar da hantsa a yamushe. Tsofaffi suka haɗa kai suka ce ai ba sai an faɗa ba. Mayya ba abin da take so kamar nonon saniyar mutane, kuma tun da 'yan fim suka buɗe majami'ar nan suka yi ta kiran abin da bai kamata a kira ba, dama an san za a rina.

Harasim ya ji labari, ya murɗe gashin baki ya jingina da shingen Ustina.

"Ustina, kina da zaki a maƙwabta kina kuka da ɓera?"

"Zakin ne ban gani ba," in ji ta, ba ta ko ɗago kai daga wanke bokiti ba. "Akwai dai wani mai rigar fata da ke kwantar min da shinge."

"Ran Lahadi mai majigi zai kawo fim ɗina zauren taro. Kafin ranar zan kama miki mayyar nan da hannuna. Gari ya ga aikina a bango, ya ga aikina a ƙasa, daga nan in turo tsoho Kaka Sidir, wakilina, da burodin neman aure. Me kika ce?"

"Ka kama mai shanye min nono, tawul na nan a akwati. Ka kasa, kabewa ta nuna a lambu."

Na ɗauka gatse take yi. Washegari sai ga tawul biyu masu surfani ja da baƙi an shanya su a igiya suna shan iska. Shekara bakwai matar nan tana cin abinci ita kaɗai, kuma Harasim, duk da bakinsa, ba mugu ba ne, yana sa ta dariya. Na ce a raina, to, wannan karon sakaran nan abin nema ya zo masa har ƙofa, in dai ya iya rufe baki.

Dabararsa ta farko mak ce, ƙwayar nan 'yar mitsil baƙa da muke barbaɗawa a kan burodin biki. Kowa ya san in an watsa ta a ƙofar turke, mayya ba ta iya wucewa sai ta tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Kakanninmu tafin hannu guda suke watsawa. Harasim ya ce shi ba ya aikin ƙaranta, ya juye rabin buhu, ya kewaye saniya da shi, ya hau kan kututture ya yi shela ga matan da suka leƙo ta shinge.

"Duk wadda kuka ga ta sunkuya a nan tana tsince-tsince, ita ce!"

Bai rufe baki ba kajina suka ratso ta ƙarƙashin shinge. Na Ustina suka biyo, na gidan maƙeri suka biyo, can sai ga agwagin layin gaba ɗaya, babban namijinsu a gaba yana huci. Harasim ya diro zai kore su, namijin nan ya cafke shi a bayan cinya ya ƙi saki. Suka zaga saniya sau biyu, shi yana ihu, agwagwa na fuka-fuki. Ni kuwa na tsallako in kwashe kajina kafin su ƙware, na sunkuya na kamo guda. Ɗagowar da zan yi, sai ga yatsan Harasim a kaina.

"Jama'a, ku shaida! Wa ya sunkuya?"

"Uwarka ce ta sunkuya ran da ta haifo ka," na ce. "Kazata na ɗauka, makaho."

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as!"

"A hannu take ba a aljihu ba, kuma in ka sake nuna ni da yatsan nan zan ba agwagwa shi ta ƙarasa."

Ustina ta yi min wani kallo, irin na wadda ta tuna da siket. Tana duba hantsar Zirka bayan an watse ta tarar ba ko ɗigo. A cikin hayaniyar nan aka tatse ta tas. Kafin yamma matan layinmu sun fara ɓoye jarirai in na wuce, ni da na karɓi haihuwar rabinsu. Abin ya ci min rai ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Washegari ya ce mak wasan yara ne, yanzu zai yi irin na fim. Da'ira za a zana da alli a kewaye mutum da saniya, mayya ba ta tsallake ta. Ya je makaranta neman alli, malamar ta ce allin gwamnati na koyar da lissafi ne ba na camfi ba, ta rufe ƙofa. Sai ya tsaya ya yi tunani, abin da bai kamata ya riƙa yi ba. Alli fari ne, gishiri fari ne. Ya samo dunƙulen gishirin da ake ba dabbobi su lasa, ya daka, ya zuba da'ira mai kauri. Ya zauna a tsakiya kusa da Zirka, ya ciro kwalbar giyar gida.

"Ta mece ce wannan?" in ji Ustina za ta tafi gandu.

"Maganin sanyi."

"A wannan ranar da ke narka kwalta?"

"Mayya in ta matso, sanyi take kawowa. Ke ba ki yi fim ba."

Da muka dawo tatsar rana, ba da'ira ba alamarta. Awakin Kaka Sidir sun lashe ta har sun yi rami a ƙasa. Harasim na kwance rigingine yana munshari, tsohuwar akuya ta tsaya a kansa tana lasar gumin sanƙonsa a natse, wata kuma tana cin hularsa. Hantsar Zirka kamar an wanke an matse.

Ustina ta kwara masa ruwan bokiti. Ya zabura yana kai naushi a iska.

"Ta zo! Mun yi kokawa! Ta hura min barcin sihiri a fuska!"

"Barcin sihirin ga shi can a kwalba, saura kaɗan," in ji Kaka Sidir, yana jan awakinsa. "Ɗana, in kana son in ɗauki burodin nan ran Lahadi, ka rage abin kallo. Na tsufa da ɗaukar kabewa, wuyana ba ya so."

Ran Asabar ya fito da babbar dabara. Tsofaffi sun ce wanda ya ɓuya a ƙarƙashin katakon haro, mai haƙoran ƙarfen nan da ake ja a baje ƙasa bayan huɗa, zai ga mayya ita ba ta gan shi ba. Kuma ko da wace dabba ta rikiɗa, in ka yi mata alama a jiki, gobe za ka ga alamar a jikin matar. Ya jawo haro daga gandu ya jingina da bangon turke, ya tokare da sanda. Ya ajiye gwangwanin kwaltar da ake shafa wa ƙafar amalanke a gefensa, ya shige ya lulluɓa da rigar fata.

Ranar ban je gandu ba, ƙafata na ciwo. Ina cikin ɗaki na ji wani abu ya faɗi rim, sai ihu.

"Wayyo Allah! Ta danne ni! Jama'a, ta danne ni!"

Ko da na ɗingisa na isa, sandar ta goce, haro ya kife, haƙoransa sun huda rigar fata ta ko'ina sun kafe ta da ƙasa. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, amma ba ya iya motsi, rigar ta rufe masa kai, hannu ɗaya kawai ke waje, baƙi ƙirin da kwalta. Na ji wani abu ya ratsa ciyawa ta wajen shingensa, amma hankalina na kan mai ihu. Ustina ta iso da sauran mata, muka taru muka ɗaga.

Ya fito, rigar da ya sayar da saniya dominta ta zama rariya. Amma bakin na nan lafiya lau.

"Na taɓa ta! Gashi gare ta, da wutsiya, numfashinta kamar tanderu!"

"Ka ga fuskarta?" in ji Ustina.

"Wa ke kallon mayya a fuska? Ido na rufe, haka masana ke yi. Amma na manna mata tafin nan a mazaunai, yatsu biyar. Gobe a zauren taro za ku ga mai shi." Ya juyo ya kalle ni sama da ƙasa. "Likera, yaya aka yi kika riga kowa zuwa? Kuma me ya sa kike ɗingishi?"

"Da na sani da na zauna a kan haron nan har yamma," na ce.

Ragowar ranar a ƙofar kanti ya ƙarar da ita yana ba da labari. Kafin kantin ya rufe, mayyar ta kai girman doki, ta yi ƙaho, ta kira shi da sunan ubansa ta roƙe shi gafara.

Lahadi da hantsi mai majigi ya iso da motarsa. Da rana ake nuna mana fim saboda tatsar yamma, sai a toshe tagogin zauren da barguna. Gari kaf ya fito. Ustina ta zo da sabon ɗankwali da kwando a hannu, na hango jan surfani na leƙowa daga ciki. Kaka Sidir na rungume da burodi a cikin farin ƙyalle. Harasim kuwa ya shafe gashin baki da kitse, ya sa hujajjiyar rigarsa, ya tsaya a bakin ƙofa. Duk macen da ta wuce sai ya karkata kai ya duba bayanta.

Matar maƙeri ce ta fara kwaɗa masa mari. Malamar makaranta ta ce za ta kai ƙara. Wata tsohuwa mai shekara tamanin ta tsaya ta juya masa baya da kyau, ta ce, "Duba a hankali, ɗan nan, rabon da wani ya duba tun kafin juyin mulki." Ni da na zo sai na juya sau biyu a gabansa, na kakkaɓe siket ɗina a hancinsa na shige.

Aka kashe fitila. Gaskiya fim ɗin nan ba na wasa ba ne. Ga majami'armu a bango, amma ta yi wani irin duhu, hazo na fita daga ƙarƙashinta. Ga wata tsohuwa mai dogon hanci tana tatsar igiya nono na zuba, shanun gari na ramewa. Mata suka fara alamar gicciye a ɓoye, shugaban gandu na yi musu tsawa, shi ma hannunsa na ƙirji. Harasim ya zauna kusa da Ustina yana ta bayani.

"Kada ki ji tsoro, ina nan. Yanzu zan fito."

Wani saurayi ya fito a kan doki, dogo, mai gashi har goshi.

"Kai ne wannan?" in ji wani daga baya.

"Wannan yarona ne, shi ke riƙe min doki. Ku jira."

Aka jira. Aka binne mutum biyu, aka ƙone rumbu, saurayin ya yi ta fama shi kaɗai, ba Harasim ba dalilinsa. Na lura bayaninsa ya fara raguwa. Da aka nuno bayan majami'a da tsani a jingine, sai ya miƙe.

"Zafi ya yi yawa, bari in sha iska."

"Zauna," in ji Ustina, ta riƙe gefen rigarsa. "Ai ka ce kana nan."

Mutanen cikin fim sun biyo mayya da manyan cokulan ƙarfe na kwasar ciyawa, za ta hau rufi ta tsere. Aka nuno ta ta baya, da ɗankwali, da ƙafafu gwame cikin manyan takalma. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar majigi. Mayya ta iso gindin tsani, ta tofa yawu a tafin hannu biyu, ta murza. Sannan ta sa gwiwoyin hannu ta tattaro siket ɗinta sama.

Maƙeri ne ya fara. Wata irin dariya ta ƙwace masa kamar haushin kare.

"Harasim ne! Na rantse da maƙerata Harasim ne!"

Zauren ya kece. Waɗanda suka ɓoye fuska suka buɗe, waɗanda ke addu'a suka shaƙe da dariya. Mayya na hawa tsani tana tattara siket a kowane mataki, jama'a na yi mata kirari. Ashe 'yar fim ɗin da ke fitowa a matsayin mayya ce ta ce ba za ta hau ruɓaɓɓen rufi ba, aka nemi wanda ba a damu ya faɗo ba.

"Salo ne!" Harasim na ihu. "Sai jarumi ake ba wannan! Ba kowa ke iya zama mayya ba!"

Mutum ɗaya ce ba ta dariya. Mayya ta kai ƙololuwar rufi, wata ya haska ta, bayanta ya cika bango daga wannan kusurwa zuwa waccan. Jan siket, da koren faci a tsakiya.

Ustina ta miƙe tsaye, inuwar kanta ta rufe rabin hoton.

"Mai majigi, tsayar da abin nan."

"Goggo, ba a tsayarwa, ƙonewa yake."

"To ya ƙone. Harasim, siket ɗin wa ke jikinka?"

"Nasu ne bai shige ni ba," ya ce da wata 'yar murya da ban taɓa jin sa da ita ba. "Suka ce in nemo mai faɗi. Aro na yi, Ustina. Ƙusa ce ta yage shi a rufi, na ji kunyar dawo da shi. Amma duba, duk ƙasar nan za a ga ɗinkinki."

"Duk ƙasar nan za ta ga facina a bayanka! Shekara guda ina gaba da maƙwabciyata, kana jingine da shinge kana kallo!"

Ta nufi ƙofa, shi yana bin ta yana rantse-rantse, gari na bin su, aka bar mai majigi da fim ɗinsa. Har yau ba wanda ya san yadda aka ƙare da mayyar nan a ƙauyenmu.

Ana buɗe ƙofa haske ya kashe mana ido. Da idanunmu suka washe, sai ga maraƙin Harasim a tsaye a dandali, igiyarsa a tsinke tana jan ƙasa. Ya yi ɓul-ɓul, gashinsa na sheƙi, bakinsa da farin kumfa bai ko bushe ba. Ya hango ubangidansa ya taho da gudu yana shafa kai a jikinsa, ya juya. A kan ɗuwawunsa ga tafin hannu na kwalta, yatsu biyar cif.

Kaka Sidir ya kama hannun Harasim, wanda kwaltar ba ta gama fita ba, ya ɗora a kan alamar. Ya zauna daram.

"To, ɗana, ka cika alkawari," in ji tsohon. "Ka kama mayya biyu a yini ɗaya, duk a gidanka suke kwana."

"Rikiɗa ta yi!" in ji Harasim. "Ta shiga jikin maraƙina don ta kunyata ni!"

"Rufe mana baki," in ji Ustina. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa kowa ya ji. "Ka sayar da uwarsa ka sayi riga. Tun jiya alamar nan ke jikinsa, kana kwana gida ɗaya da shi ba ka ko dube shi ba, kana nan kana duba bayan matan mutane. Siket zan iya yafewa, Harasim. Amma wanda bai san dabbarsa na jin yunwa ba, ni ma zan mutu a ɗaki yana ƙofar kanti yana ba da labarina."

Ta sa hannu a kwando ta zaro tawul. Harasim ya ɗago kai, idonsa ya kawo haske, Kaka Sidir ma har ya gyara kafaɗa. Ta wuce su ta durƙusa ta ɗaura shi a wuyan maraƙi, ta gyara surfanin ya fito sosai.

"Wannan dai kullum yana zuwa gidana a kan lokaci, bai taɓa cika min baki ba, kuma ya san abin da ya kawo shi. Ya zauna wajena." Sannan ta juyo, fuskarta ta yi ja. "Likera, 'yar'uwa, na zalunce ki. Ki yafe min. Kabewata ba ta yi girman da nake so ba, ko za ki ara min taki?"

Ina da wata kabewa da nake ta lallaɓawa tun bazara don nunin amfanin gona, ko kajina ban bari su matsa kusa da ita ba. Ban taɓa ba da kyauta da farin ciki irin na ranar ba. Ciwon ƙafa ya tafi, na ja maƙeri muka je, mu biyu muka ciccibo ta. Ustina ta sa hannu, muka ɗora wa Harasim a ƙirji. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya rungume ta, ta rufe masa fuska har hanci. Wandon ya fara zamewa, ba gwiwar hannun da za ta tare shi.

Ya juya ya kama hanya, jama'a suka dare. Dariyar ta mutu da kanta, don mutumin nan shiru ya yi. Tun da nake ban taɓa jin shirun Harasim ba, kuma ban ji daɗinsa ba. Yana tafe da ƙyar, rigar nan huji-huji, ba saniya, ba maraƙi, ba tawul, zai koma gidan da ba mai jiran sa. Tausayinsa ya kama ni duk da abin da ya yi min. Na dubi Ustina na ga tana murza igiyar maraƙi a hannu tana kallon ƙasa.

Ya kai kwanar kanti, inda wasu baƙi masu amalanke suka tsaya ba dawakinsu ruwa. Ya ɗan tsaya ya gyara riƙo. Sai muka jiyo muryar ta taso daga bayan kabewa, tar da ita kamar kullum.

"Bayin Allah, ku matso ku ga abin kallo! Duk faɗin lardin nan an taɓa ba wani mai girman wannan? Ku ce min, mace na ba ƙaramin mutum irin wannan kabewa?"